Jami'ar cikin The Sims 4: in saya wa autarmu ko in bari?

Yaya Hawa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Autarmu ta gama WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, tana gida tana jiran sakamako. In ta taya Mma sayar da koko da safe, ta wanke robobi, sai ta ɗauki tsohuwar laftof ɗin yayanmu ta shiga wasan nan The Sims 4. Ni ban san kansa ba, ina dai ganin tana gina gidaje, mutanenta suna aure suna haihuwa. Yanzu sati biyu ke nan tana bi na in saya mata wani ƙari da ake kira Discover University, wai a cikinsa ake tura yara jami'a. Na tambaya an ce ya kusa dala 40. Kuɗin yana damu na, amma ba shi ne babba ba. Yarinyar nan ita ce mace ta farko da za ta shiga jami'a a gidanmu in Allah ya yarda. Ba na so wasa ya riga mu ba ta labarin jami'a, ta je da hoton da ba shi ba ne a kanta.

Zuwera: Wa alaikumus salam Yaya Hawa. Allah ya ba ta sakamako mai kyau. Ina da shi, kuma na buga shi sosai kafin in shiga makaranta, yanzu ina shekarar ƙarshe. Bari in ba ki yadda yake tukuna, sai ki auna da kanki.

Ya fito ne a Nuwamba 2019. Yana zuwa da gari guda, Britechester, da jami'o'i biyu masu gasa da juna. Akwai University of Britechester, tsohuwa mai ginin dutse, ta fi ƙarfi a tarihi, adabi, zane, wasan kwaikwayo da girki. Sai Foxbury Institute, sabuwa mai ginin gilashi, ita kuma kimiyya ce tata: kwamfuta, fiziks, bayoloji, tattalin arziki. Digiri 13 ne gaba ɗaya, kuma kowace jami'a tana koyar da dukkansu, sai dai wanda ta ƙware a kai shi take bayarwa da daraja ta musamman. Ba haka kawai yaro zai shiga ba. Sai ya cika takardar nema, ya biya simoliyan 75, kuɗin cikin wasan ke nan, ya jira 'yan kwanaki. Makin da ya samu a sakandare da abubuwan da ya iya su ne za su nuna ko za a ba shi digiri mai darajar. Yana iya neman tallafin karatu, in bai isa ba ya ci bashi.

Kwas 12 ake ci kafin a gama, kuma ba a ɗaukar fiye da huɗu a samista ɗaya. Kowane kwas da aikin gidansa, kuma a ƙarshe ko jarrabawa, ko dogon rubutu, ko gabatarwa a kan allo.

Yaya Hawa: Ashe har da aikin gida? Ni na ɗauka rawa da yawo ne kawai.

Zuwera: Yaya, aikin gidan shi ne rabin wasan. Mutane da yawa ma shi ya sa suka gaji da shi.

Basit Sawaba: Ni kam zan faɗi gaskiya ko ba za ta yi daɗi ba. Kada ki saya da niyyar wai zai shirya ta. In don nishaɗi ne, to. Amma jami'ar da ke cikin wasan nan ba ta da alaƙa da wadda muke zuwa. A wasan, in an ɗauke ka, sai a buɗe maka jerin ɗakunan kwana ka zaɓa, ka danna, shi ke nan gado yana jiran ka. Wane ɗalibi ne a garin nan zai ce haka ya samu gado? Shekarata ta biyu sati uku na yi ina zagaya Ayeduase da Kotei, unguwannin da ke kusa da jami'ar KNUST a nan Kumasi, da ƙafa. Na samu wani mai hostal, muka yi ciniki, na ce zan kawo rabin kuɗin ranar Litinin. Na dawo Litinin ɗin da kuɗin a aljihu, ya ce wani ya biya duka jiya. Na tsaya a ƙofar da katifata a naɗe a bayan pragya, keken haya mai ƙafa uku, direban yana tambaya ta ina za mu. Wata ɗaya na yi a ƙasan ɗakin wani abokina, ina shigowa bayan isha'i ina fita kafin gari ya waye don kada mai gadi ya gan ni. Wannan ita ce jarrabawar farko, kuma wasan bai san da ita ba.

Zuwera: Sannu Basit, wallahi na san wannan. Ban ce wasan ya san komai ba. Amma akwai abu ɗaya da ya sani, kuma ni a wurinsa na fara koya.

Karon farko da na tura yarinyata Foxbury, kwas huɗu na ɗaukar mata don ta gama cikin samista uku. Na sa ta a ƙungiyar masu ƙera mutum-mutumi, na kuma sa ta aikin wucin gadi don ta rage bashi. Kwana uku ba a yi ba komai ya rikice. Tana dawowa daga aji sandar barcinta ta yi ja, ta yunwa ta yi ja, ga aikin gida huɗu, ga allon gabatarwa ko taɓa shi ba ta yi ba. Sai ta zube a tsakiyar ɗaki ta yi barci a ƙasa, ta makara ajin safe, maki ya faɗi. Na sake daga farko da kwas uku, na cire aikin, na kafa mata doka: aikin gida da zarar an fito daga aji, kafin hira, kafin abinci mai nauyi. Dogon rubutu kuma a fara shi ranar farko, ana gyarawa kaɗan-kaɗan. Da haka ta fita da sakamako mai kyau.

Da na shiga makaranta ta gaske, satin farko kowace ƙungiya tana kira na. Na tuna yarinyar nan a zube a ƙasa, na ɗauki GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, ita kaɗai na bar sauran sai shekara ta biyu. Ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini haka a gida, don ba wanda ya taɓa zuwa.

Basit Sawaba: Wannan ai ko malamin sakandare zai gaya miki kyauta.

Zuwera: Sun gaya mana sau ɗari. Amma ji daban, ka yi kuskuren da hannunka ka ga abin da ya biyo baya daban. A wasan kuskuren bai ci mini shekara ba, dare ɗaya ya ci.

Baban Hanif: Hajiya Hawa, kafin a yi nisa, bari in shigo ta ɓangaren sana'ata. Wace irin laftof ce? Nawa ne RAM ɗinta? Wasan asali ya fito tun 2014, shi ya sa tsofaffin na'urori suke ɗaukar sa, kuma tun Oktoba 2022 aka mayar da shi kyauta. Amma ɗakin kwanan ɗalibai yana tara mutane da yawa a wuri ɗaya, kowa yana motsi, a nan ne ƙaramar na'ura take fara ja da ƙafa tana zafi. In RAM ɗin 4GB ce, a ƙara ta koma 8GB, a buɗe a share ƙurar fanka. Kuma ina roƙon ki, kada wani ya ce zai zuba mata duka ƙarin a filashi da 'yan sidi kaɗan. Irin waɗannan nake gani a shago kullum, an kawo na'ura ta cika da ƙwayar cuta, hotunan biki da takardun makaranta sun tafi. Ku jira lokacin ragi, sau da yawa ana sauke shi har rabin kuɗi.

Yaya Hawa: Na gode Alhaji. Zan sa ta duba, ni ban san inda ake gani ba.

Baban Hanif: Ki kawo ta Adum duk ranar da kika fito Kejetia, dubawa ba kuɗi.

Malam Tanko: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni ba na buga wasa, amma ɗan ƙanena yana yi a gabana, kuma na zauna na kalla don in san abin da ke shiga gidanmu. Akwai abubuwa uku da nake so Hawa ta sani.

Na farko, akwai ganga da ɗalibai suke taruwa a kanta suna sha, suna jefa ƙwallo cikin kofuna. Sun ce ruwan 'ya'yan itace ne, amma duk mai hankali ya san abin da aka kwaikwaya. Na biyu, maza da mata a ɗakin kwana ɗaya, kuma wasan bai hana su komai ba. Na uku shi ya fi tsaya mini: akwai ƙungiyar asiri, masu rufe fuska, suna zuwa da dare, suna ajiye abinci da duwatsu masu ƙyalli a wani wuri don wasu 'yan halittu masu tashi su yarda da su. Yaron da muka koya wa cewa ba a kai wa kowa baiko sai Allah, ya zauna yana danna wannan da hannunsa? Na san wasa ne. Amma zuciya da abin da take gani kullum take sabawa.

Zuwera: Malam, duk abin da ka faɗa yana ciki, ba zan musa ba. Sunan ƙungiyar Order of Enchantment. Abin da zan ƙara shi ne, babu ɗaya daga cikin ukun da aka tilasta. Ana gama digiri ba a taɓa gangar ba, ba a je wurin masu rufe fuskar ba. Kuma ba dole ne a zauna a ɗakin kwanan makaranta ba, yarinya tana iya zama gidan iyayenta tana zuwa aji a kan keke tana dawowa. Ni nawa da hijabinsu suke zuwa, don tun Satumba 2019 aka saka hijabi da hula a wasan asali.

Malam Tanko: Na ji, 'yata, kuma na yarda ke kin kauce. To amma wa yake zaune kusa da yarinya in ta buɗe shi da dare?

Anti Rakiya: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma tambayar nan taka ita ce dai za mu yi ranar da za ta tafi makarantar gaske. Wa zai zauna kusa da ita a can? Gangar tana can, kuma ba ruwan lemo ba ne a ciki. Masu kiran ta zuwa abin da bai dace ba suna can da fuskarsu a buɗe, suna murmushi. Ni da zan zaɓa, gara ta fara ganin siffar abin a ɗakin Mma, yayarta tana gefe tana tambayar ta "wannan fa me ye?", da ta fara ganin sa ita kaɗai a satin farko.

Malam Tanko: In har yayar za ta zauna ɗin, maganata ta ragu. In kuma za a saya a miƙa mata a juya baya, ina nan a kan bakata. Masu wasan da kansu sun rubuta cewa ba na ƙananan yara ba ne, daga shekara 12 suka sa a Turai. Su da ba su da damuwarmu ke nan.

Fati 'yar Nima: Ku yi haƙuri in shigo daga Accra. Ni tsohuwar hannu ce, da The Sims 2 na fara a kwamfutar wani kawuna. Ƙarin jami'arsa ya fito a 2005, kuma har gobe shi ne jami'a a wurina. Makarantu uku ne: Sim State, La Fiesta Tech da Académie Le Tour. Shekara huɗu cur ake yi, samista takwas, kuma yaro yana barin unguwarsu ya koma can gaba ɗaya, sai ya gama ya dawo. Akwai mai dafa abinci a cikin ɗakin kwanan, da safe ka ga ɗalibai sun yi layi. In ya dawo gida kana jin lallai wani abu ya wuce a rayuwarsa, ya tafi yaro ya dawo babba. Na The Sims 3 kuma, na 2013, shi ya kawo rukunin 'yan boko, 'yan tawaye da 'yan wasanni, kuma akwai lakcar da kake shiga kana kallo.

Abin da ya ba ni haushi da na yanzu, in lokacin aji ya yi sai yarinyar ta shige gini ta ɓace. Kai kana waje kana kallon bango. Abin da za ka iya kawai ka zaɓa mata ta rubuta abin da ake faɗa, ko ta saurara da kyau, ko ta yi barci. Jami'a ba aji, ina jami'ar?

Zuwera: Wannan kam gaskiya ne Anti Fati. Sai a High School Years na 2022 suka bari ana bin yara cikin aji, amma na sakandare.

Fati 'yar Nima: Shi ya sa da aka sake fitar da The Sims 2 a Janairu 2025 da ƙarinsa a haɗe na koma can abina.

Basit Sawaba: Ni ɓacewar ajin ba ta dame ni ba. A nan ma suka fi kusa da gaskiya: abin da ke kayar da ɗalibi ba a cikin aji yake faruwa ba. Maganar bashin ce ta fi ci mini rai. A wasan, in kuɗi bai isa ba, danna ɗaya ka ci bashi. Ka gama, aiki yana jiran ka, ba ma daga ƙasa za ka fara ba, a tsakiyar matakai za a ɗora ka da ƙarin albashi da kyautar shiga. Cikin 'yan kwanaki ka biya. Ku gaya mini, wa ya gama hidimar ƙasa a nan aka kira shi washegari? Yayana digirinsa yana cikin akwati shekara uku, yana tuƙa pragya daga Aboabo zuwa Asawase, kuma ba ya jin kunya, da ita yake biya mini hostal. Yarinyar da ta taso tana ganin digiri daidai yake da albashi, ranar da ta gama za ta ji kamar an yaudare ta.

Zuwera: Ba a barin ka haka nan fa. In ba ka biya ba, akwai mai zuwa ya kwashe kayan ɗakinka.

Basit Sawaba: Ya kwashe, ka rubuta motherlode, kalmar satar hanya ta wasan, simoliyan 50,000 su sauko. Mu wace kalma za mu rubuta?

Anti Rakiya: Basit, zafin da ke cikin maganarka na gane shi, kuma Allah ya buɗa wa yayanka. Amma ka taɓo abin da nake ta so in faɗa tun ɗazu, sai ka wuce shi da sauri. Ka ce da pragyarsa yake biya maka hostal. Wannan shi ne abin da babu a wasan. Ba gado ba, ba aji ba.

'Yata tana da shi, na zauna na kalla. Ɗalibin cikin wasan shi kaɗai ne a duniya. Kuɗinsa nasa, bashinsa nasa, makinsa nasa. In ya faɗi, shi ya faɗi. In ya ci, ya jefa hula sama, ya samu aiki, ya sayi babban gado. Ba wanda ya hana kansa wani abu don shi.

Ni ranar da zan tafi makarantar koyon jinya, tun asuba mahaifiyata ta tashi. Ta soya shito, yajin nan mai mai, ta cika gwangwanin madara biyu, ta ɗaure bakinsu da leda da roba don kada mai ya zuba a kayana. Gari mudu uku, sukari, gyaɗa soyayya. Da muka isa tasha sai ta kwance bakin zaninta, ta ciro kuɗi a nannaɗe, duk sun yi laushi don daɗewa, ta tura mini cikin hannu ta rufe yatsuna a kai. Daga baya na ji adashinta ne ta ɗauka kafin layinta ya zo, ta yi wata biyar tana zubi ba ta da abin ɗauka. Duk daren da barci ya so ya ɗauke ni a kan littafi, gwangwanin nan nake kallo a kan taga.

Ɗan zango ba ya zuwa jami'a shi kaɗai. Gida guda ne yake tafiya a cikin jaka ɗaya. Wannan nauyi ne, wani lokaci har ya yi yawa, na san yaran da ya danne su suka kasa gaya wa kowa sun faɗi kwas. Amma shi ne kuma igiyar da ke riƙe mu. Wasan zai koya mata raba lokaci, na yarda da Zuwera ɗari bisa ɗari. Wannan ɗayan kuwa, Hawa, ke da Mma ne kaɗai za ku iya gaya mata, kuma ku gaya mata da adadi: ga abin da koko yake kawowa, ga abin da shago yake kawowa, ga kuɗin hostal.

Yaya Hawa: Anti kin sa ni hawaye a shago. Wallahi ba mu taɓa zama da ita a kan kuɗi ba. Kullum cewa muke yi ke dai ki yi karatu, sauran namu ne.

Anti Rakiya: Haka aka yi mana mu ma, da kyakkyawar niyya. Amma ta girma, za ta iya ɗauka.

Basit Sawaba: A nan ba ni da ja, Anti. Kuma tun da an zo maganar adadi, Yaya Hawa ki sani: daga 2025 gwamnati ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta, amma wurin kwana da ci suna kanku. Akwai kuma rancen Students Loan Trust Fund, tun 2022 ba a neman mai tsaya maka, Ghana Card ake nema. Sai dai akwai ruwa a kansa, ku tambayi Malam kafin ku shiga.

Malam Tanko: Wannan magana ce mai tsawo, ba ta nan ba ce. Hawa ta zo da Mma bayan la'asar wata rana mu zauna, a duba halin gidan tukuna.

Ɗan Asawase: Ni tambayata daban. Ana iya gina irin hostal ɗinmu a ciki? Mutum huɗu, gado mai hawa biyu, bokiti a ƙarƙashin gado?

Zuwera: Ana iyawa, na yi. Gado mai hawa biyu ya shigo wasan asali a 2021. Na matse ɗakin, na sa tabarma, na sa akwatuna a saman kabad. Abu ɗaya ne ya hana ni: ba a yarda a sa murhu a ɗakin kwanan ɗalibai ba, sai ƙaramin firij da na'urar ɗumama abinci. Sauran sai a je zauren ɗalibai, Darby's Den a Britechester ko Larry's Lagoon a Foxbury, a ci a can. Na so in ga yarinyata tana dafa shinkafa da wake a baranda ranar Lahadi, ƙawaye suna zuwa da cokulansu. Abokan ɗaki kuwa sun yi kama da na gaske: wani ya bar faranti da datti, wani ya kunna kiɗa kana karatu, wata kuma ta ajiye miki abinci ba ki roƙa ba.

Ɗan Asawase: Gasar makarantun biyu fa? Na ga wani hoto da dodo kore da wani jan ƙaguwa.

Zuwera: Su ne alamominsu, Darby na Britechester da Larry na Foxbury. Ana zuwa a ɓata mutum-mutumin makarantar hamayya da dare, ana waƙoƙin zuga. Duk wanda ya taɓa jin Katanga da Conti, ɗakunan kwanan ɗalibai biyu masu hamayya a KNUST, suna amsa wa juna zai gane abin nan take, sai dai na wasan bai kai rabin ƙarar ba.

Fati 'yar Nima: Ko 'yan ɗakin kwanan Commonwealth a Jami'ar Ghana da ke Legon da jajayen kayansu.

Yaya Hawa: Na dawo. Jiya da dare na yi abin da ban taɓa yi ba. Bayan isha'i ta ɗora laftof ɗin a kan teburin keken ɗinki, na ja kujera na zauna kusa da ita. Ta ɗan tsorata, ta ɗauka faɗa zan yi. Na ce nuna mini mutanenki. Sai ga gida mai ɗaki biyu da tsakar gida, da wata tsohuwa mai ɗankwali tana girki, da wata mai shago, da yarinya 'yar sakandare mai hijabi ruwan toka tana aikin gida a ƙasa. Ta sa musu launin fatarmu sak. Na ce su wa ke nan? Ta yi shiru, sai ta ce ai kin gane. Ta ce ta hana yarinyar girma, ta kashe tsufa a wasan tun wata biyu, don ba ta so ta zama babba ba ta je jami'a ba. Makinta A ne, ta koya mata kwamfuta har mataki mai nisa, tana jira kawai.

Ban iya cewa komai ba na ɗan lokaci. Sai na ɗauko littafin shago na buɗe mata, na nuna mata abin da ya shigo watan jiya da abin da ya fita. Ta karanta har ƙasa, ta ce in haka ne a bar wasan. Na ce ba don haka na nuna miki ba.

Malam, na gaya mata abubuwa ukun da ka lissafa, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce yarinyarta a gida za ta zauna tana zuwa da keke, don tsohuwar ba ta da mai taya ta da safe.

Malam Tanko: Allah ya yi mata albarka, ya sa ta fi haka. Ki ci gaba da jan kujerar nan.

Basit Sawaba: Amin. Ki ce mata kada ta rubuta motherlode ko sau ɗaya, ta bar gidan da abin da suke samu. In ta gama digirin a haka, na janye rabin maganata. Kuma ranar da sakamako ya fito, in nan garin aka ba ta, ku neme ni tun kafin takardar ta huce, mu fara neman gado da wuri. Na san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa yanzu.

Zuwera: Yaya Hawa, kada ki saya tukuna. Ku zo gidanmu ranar Asabar ta buga a tawa, ta ga ko aikin gidan zai gundure ta, ke ma ki ga gangar da masu rufe fuskar da idonki. In ya yi muku, sai a jira ragi kamar yadda Alhaji ya ce. Ina so kuma in nuna mata jadawalina na gaske na wannan samistar, ta ajiye shi kusa da na wasan. Ta fara da kwas uku, kada ta yi irin nawa.

Yaya Hawa: Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Asabar bayan azahar in sha Allahu, sai na rufe shago. Alhaji, ta duba, wai 4 ce. Zan kawo ta Alhamis, nawa ne ƙarin?

Baban Hanif: Sai na buɗe na ga irin wadda take ɗauka. Ki haɗo da cajar, kuma ta kwafe ajiyar wasanta a filashi kafin ki taho, kada gidan nan nata ya ɓata.